Washegarin Rikiɗa

A wani zama da muka yi na wasan labarin masu rikiɗa kyarkeci, ɗaya daga cikin 'yan wasana ya tattara dais guda bakwai, wato ƙwayoyin jifa masu lambobi a fuskokinsu, a tafin hannunsa, ya girgiza su ya watsa a kan tebur, mu kuma muka sunkuya muna ƙirgawa. Tauraron da yake takawa a labarin makaniken mota ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, kuma a daidai lokacin yana tsaye a ƙofar gidan ƙanwarsa da daddare, mijinta yana nuna shi da yatsa yana gaya masa magana son ransa. A yawancin jifa manyan lambobi ɗan wasa yake fata, amma wannan jifan na fushi ne, saboda haka addu'arsa ita ce dais su zo da ƙanana, makaniken ya haɗiye maganar ya juya ya tafi. Biyar daga cikin bakwai ɗin suka zo da manya. Teburin ya yi tsit, domin kowa ya san abin da ke kwance a ƙarƙashin fatar makaniken nan, kowa kuma ya san cewa ƙanwar tana cikin gida da 'ya'yanta biyu. Ɗan wasan ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Don Allah, ɗan'uwa, ka bar ni in kai bakin daji kafin abin ya taso." Na ce masa, "Tsakaninka da daji akwai titi uku da shingen waya. Gwada mu gani."

Na shafe shekaru ina jan ragamar wasannin labari na kan tebur, kuma na jagoranci iri-iri, daga na mayaƙan da ke shiga kogo neman dukiya har zuwa na matafiya a sararin samaniya. A cikinsu duka babu wanda yake saukar da irin wancan shiru a kan tebur kamar wasan masu rikiɗa kyarkeci. A daren da nake ba da labari ban ajiye wa 'yan wasan dodo ba, ban ɗana musu tarko ba, ban kuma turo musu maƙiyi da makami ba. Suruki ne kawai mai kaifin baki, wanda ko mari ɗaya ba zai iya ɗauka ba, amma ga shi ya sa gaban manyan mutane huɗu yana faɗuwa. Abin tsoron yana cikin jikin tauraron da suke ƙauna, kuma a ganina daga nan daɗin jagorancin wannan wasa ya samo asali.

Ga wanda bai taɓa zama a irin wannan tebur ba, tsarin ba shi da wuyar fahimta. Mutum uku zuwa biyar ne suke haɗuwa, kowannensu ya ƙirƙiri tauraro guda, ya rubuta sunansa da sana'arsa da ƙarfinsa da rauninsa a kan takarda, sannan ya riƙa magana da yanke shawara a madadinsa. Mutum ɗaya kuma, wato jagora, shi ne yake bayyana duniyar da taurarin suke ciki, yana ara wa duk sauran mutanen labarin bakinsa, tun daga ɗan sanda har zuwa yaron da ya leƙo ta taga. Idan aka zo gaɓar da ba a san yadda za ta kaya ba, sai a jefa dais masu fuska goma su raba gardama. Wannan daban yake da wasan taron nan da ake raba katuna a rufe ido, mutanen ƙauye su yi ta zargin juna har su gano kyarkecin da ke cikinsu, wanda Dimitry Davidoff ya ƙirƙira a Mosko a 1986 da sunan Mafia, kafin Andrew Plotkin ya sauya masa riga zuwa ta kyarketai a 1997. Wancan rabin awa ne an tashi, namu kuwa labari ne guda da ake iya ja har shekara biyu, kuma 'yan wasan duka su ne kyarketan.

Ba haka aka faro ba. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, mai rikiɗa ɗaya ne kawai daga cikin jerin dodannin da jarumai suke kashewa, cizonsa kuma cuta ce da ake gaggawar neman maganinta. Kamfanin White Wolf na Amurka ne ya juya lamarin a 1992 da Werewolf: The Apocalypse, shekara guda bayan wasansa na masu shan jini, kuma Mark Rein-Hagen ne ya aza harsashin duka biyun. A wannan wasa masu rikiɗa suna kiran kansu Garou, jinsi ne da aka yi domin kare ƙasa da dazuzzukanta da ruwayenta daga wani ruhin ɓarna, kuma tun daga farko an gaya maka cewa yaƙin ya kusa suɓuce musu, saboda girman kansu da rigingimun da suka yi ta yi a tsakaninsu sun ci su ta ciki. A 2005 kamfanin ya fito da wani salo, Werewolf: The Forsaken, inda aka rage batun ƙarshen duniya aka mai da hankali kan farauta da tsaron yanki, sannan a 2023 aka buga fitowa ta biyar ta tsohon wasan. Na jagoranci ukun, kuma duk da bambancinsu abin da yake riƙe ni a cikinsu ɗaya ne.

Sai da na sha wahala kafin in gano shi. Kuskuren da na fara yi, wanda nake jin yawancin sababbin jagorori suna yin sa, shi ne ɗaukar wasan tamkar sauran wasannin faɗa, inda tauraro yake farawa da rauni, yana tsoron ɓarayin kan hanya, sannan ya yi ta ƙara ƙarfi sannu a hankali. A nan tun zaman farko ɗan wasa yana riƙe da halitta mai siffa biyar: siffar mutum, da ta kyarkeci sak, da wasu biyu a tsakani, sai kuma siffar yaƙi da littafin yake kira Crinos, mai tsayin kusan ƙafa tara, da kan kyarkeci da farata kamar wuƙaƙe. Harsashi ya shige ta, kafin ka ƙifta ido raunin ya fara rufewa, in dai ba na azurfa ba ne. Mutumin da ya yi arba da ita yakan fita hayyacinsa don firgita, daga baya kuma ƙwaƙwalwarsa ta ƙaga masa wani bayani da zai iya rayuwa da shi, ya ce mahaukacin kare ya gani, ko wani ƙato sanye da fatar dabba. Ni kuma da na ga haka sai na shiga tseren da ba zan iya ci ba. Na turo musu 'yan bindiga goma suka gama da su, na turo ashirin suka gama da su, na ƙaga dodon da ya fi na makon jiya girma, shi ma bai kai labari ba. Bayan zama biyar ko shida wasan ya koma lissafi, a jefa dais, a ƙirga, a goge lamba a rubuta wata, har na lura wata 'yar wasa ta fara duba wayarta a ƙarƙashin tebur.

Abin da ya cece ni tambaya ce da na yi ba tare da wani shiri ba. Sun kai hari wani ɗakin ajiyar kaya na masana'antar da ke zubar da guba a kogin garin da labarin yake, sun ragargaza wurin, suna cikin murna, sai na ce, "Mai gadin da ke bakin ƙofa fa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ina kuka bar shi?" Suka dubi juna, domin babu wanda ya tuna da shi, kuma a cikin hatsaniyar ɗayansu ya wurga shi jikin bango. A zama na gaba na buɗe labarin da wata yarinya 'yar shekara goma sha bakwai tana bin shaguna da hoton mahaifinta, tana tambayar ko akwai wanda ya ga abin da ya faru da shi, har ta iso garejin makaniken ta miƙa masa hoton hannu da hannu. A daren babu wanda ya taɓa wayarsa. Tun daga ranar na daina damuwa da ko za su ci faɗa, domin kusan kullum za su ci, na koma tambayar kaina abin da za su fasa a hanya, da kuma wanda zai wayi gari yana tsintar ɓaraguzan.

Masu tsara wasan sun riga ni sanin haka, shi ya sa suka mai da fushi lamba a kan takarda. A tsohon tsarin kowane tauraro yana da makin fushi daga 1 zuwa 10, kuma wannan maki shi ne man da yake ƙonawa ya yi sara biyu ko uku a lokacin da abokin gaba yake yin ɗaya. Sai dai duk abin da yake ba ka a fagen yaƙi yana karɓewa a gida, domin idan fushinka ya fi ƙarfin zuciyar mutumin da ke gabanka, zai ji jikinsa ya ƙi ka ba tare da ya san dalili ba, yara su rabe, abokan aiki su riƙa tashi idan ka zauna. Idan kuma aka tsokane ka, sai ka jefa dais daidai yawan makin, kuma da zarar huɗu sun ci, hankali ya gushe, jiki ya rikiɗa, babu sauran bambanci tsakanin masoyi da maƙiyi. Lambar da ake buƙata tana bin wata: a duhun wata sai dais ya nuna 8 zuwa sama, wato sau uku cikin goma, amma a daren da wata ya cika 4 ma ta isa, wato sau bakwai cikin goma. Makanikenmu a daren cikar wata ya je gidan ƙanwarsa, kuma sauran 'yan garkensa, wato taurarin sauran 'yan wasan, sun gargaɗe shi ya bari sai bayan mako guda, ya ƙi ji. Fitowar 2023 ta bi wata hanya, inda dais na fushi masu launi daban suke shiga cikin kusan kowane jifa, ta yadda ko buɗe ƙofa ka zo yi da zafin rai, za ka iya tsintar marikin a hannunka ya ɓalle. Abin da nake so a duka tsarin biyu shi ne ɗan wasa da kansa yake zaɓen yawan wutar da zai ɗauka, kuma idan ta ƙona wani ba zai ce jagora ne ya zalunce shi ba.

Akwai wata tsohuwar matsala da duk jagora ya sani, wadda wannan wasa yake warwarewa tun kafin a zauna: me ya haɗa waɗannan taurari, kuma me zai hana kowa kama gabansa? A wasu wasanni sai ka yi ta ƙaga dalili, ka ce wani attajiri ne ya ɗauke su aiki, ko kuma sun haɗu ne a masauki, alhali kowa a teburin ya san ɗinki ne da zare mai ruɓa. Masu rikiɗa kuwa garke suke yi, kuma wanda ba shi da garke ba ya daɗewa, ko maƙiya su same shi ko kansa ya taɓu. Garken yana da ruhi guda da ya ɗauke su a matsayin 'ya'yansa, yana ba su wata baiwa yana kuma gindaya musu sharaɗi, kuma 'yan wasan ne suke haɗa maki su zaɓe shi tare. Namu sun ɓata dare guda cur suna jayayya tsakanin hankaka da ɓera, daga ƙarshe ɓera ya ci, da sharaɗin kada su kashe ƙananan dabbobin da mutane suke ƙyama. Ban taɓa ganin abin dariya kamar ƙaton mayaƙin garken yana lallaɓa ɓeraye su fita daga ɗakin kwanansa da tsintsiya ba, yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan sharaɗin banza da muka yi wa dariya shi ne ya sa daga baya ɓerayen magudanar ruwa suka nuna musu hanyar shiga masana'antar.

Inda garke yake da haɗari shi ne batun shugabanci. Tsofaffin littattafan sun cika da maganar shugaban garke da ƙalubale da nuna fifiko, kuma na taɓa samun ɗan wasa mai ƙarfin murya wanda ya mai da wannan hujjar yi wa sauran tsawa, yana cewa ai haka kyarketai suke. Ashe ma ba haka suke ba. Ra'ayin nan na kyarkecin da yake danne sauran da ƙarfin tsiya ya samo asali ne daga nazarin da Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947 kan kyarketan da aka tara a gidan ajiyar namun daji na Basel a Suwizalan, dabbobin da ba dangin juna ba ne, an cusa su a keji guda. Wani masanin kyarketai, David Mech, ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1970, amma bayan ya shafe shekaru yana kallon kyarketai a tsibirin Ellesmere na Kanada, sai ya wallafa maƙala a 1999 yana cewa garken daji iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu, kuma ya daɗe yana roƙon a daina buga tsohon littafin nasa. Na kawo wannan teburinmu, muka amince cewa garkenmu gida ne, shugabansa kuwa shi ne wanda ake tuhuma idan ƙarami ya yi ɓarna, shi ne kuma wanda yake zuwa ba da haƙuri gaban manyan yankin. Da ɗan wasan nan ya ji nauyin da ke cikin kujerar, da kansa ya nemi a riƙa karɓa-karɓa.

Wata shi ne yake raba aiki a cikin garke, kuma ban ga tsarin rabon aiki da ya fi shi sauƙin riƙewa ba. Wanda ya zo a duhun wata shi ne mai leƙen asiri da tambayar da kowa yake tsoron yi, na jinjirin wata shi ne mai hulɗa da ruhohi, na rabin wata alƙali ne, wanda watansa ya kusa cika shi ne mawaƙi mai riƙe tarihi, na cikakken wata kuma mayaƙi. A wasan 1992 daren haihuwa ake dubawa, a na 2005 kuma daren rikiɗar farko. Ni abin da ya fi yi mini amfani shi ne wata agogo ne da ba ya tsayawa, yana zagayowa duk kwana 29 da rabi, saboda haka nakan ajiye kalandar labarin a tsakiyar tebur in riƙa soke kwanaki a gabansu. Ba sai na ce komai ba, da sun ga bikin auren wani ɗan'uwa ya faɗo daren goma sha huɗu sai su fara ƙulle-ƙullen yadda za a hana mayaƙin halarta.

Amma idan aka tambaye ni abin da ya fi yi mini daɗi a bakina ina jagoranci, zan ce bayyana duniya da hanci. Duk sauran wasanni da ido ake ba da labarinsu, ka ce ga tebur, ga taga, ga jini a ƙasa. Ido abin da ke nan yanzu kawai yake gani, hanci kuwa yana karanta abin da ya wuce. Idan garken ya shiga ɗaki da siffar kyarkeci, nakan ce musu mutum uku ne suka zauna a nan jiya da dare, ɗaya yana shan taba mai arha, ɗaya yana da gyambon da bai warke ba a ƙafar hagu, na ukun kuma tun kafin ya zauna tsoro ya jiƙa shi da gumi, kuma warin man injin da ke takalminsa iri ɗaya ne da na garejin makanike. Da farko na ɗauka wannan zai kashe mini duk wani labarin bincike, tunda maƙaryaci ba ya iya ɓoye guminsa, amma sai na ga ya mai da wahalar wani wuri da ya fi armashi. Sun san wanda ya aikata tun minti goma na farko, to sai me? Ba za su je gaban ɗan sanda su ce sun sunsuno shi ba, kuma hanya ɗaya da ta rage musu mai sauƙi ita ce wadda take barin gawa a baya. Haka nan siffar kyarkeci ba ta da hannu ba ta kuma da harshen mutane, saboda haka nakan roƙi 'yan wasa, idan sun rikiɗa, su riƙa magana gajeriya a kan abin da ke gabansu kawai, ba jiya ba gobe. Na taɓa kallon mutum huɗu masu ilimi sun yi minti ashirin suna neman yadda kyarketai huɗu za su buɗe ƙofar mota.

Shirin jagora ma ba shi da nauyi, domin garke yanki yake riƙewa, kuma yanki ba sai ya yi girma ba. Taswirarmu takarda ɗaya ce, titi shida da kogi da masana'anta da bakin daji, da mutum kamar ashirin waɗanda na san sunansu da bashin da ke kansu. Kowane wuri yana da inuwarsa a duniyar ruhohi, wadda masu rikiɗa suke iya tsallakawa su shiga, kuma inuwar tana nuna abin da ya daɗe yana faruwa a wurin, ta yadda mararrabar da motoci suke yawan karo takan tara ruhohin da ke kiwo a kan firgici. Duk abin da garken ya yi yana barin tabo a can. Bangon da aka wurga mai gadin nan, bayan wata biyu sun tarar wani abu ya yi sheƙa a inuwarsa, yana girma, kuma warin ɗayansu ne a jikinsa.

Idan tunani ya ƙafe mini, tarihin Turai rijiya ce da ba ta ƙafewa. Tun a tatsuniyoyin Girka akwai sarki Lycaon wanda aka mai da kyarkeci don hukunci, kuma tsakanin 1764 da 1767 wata dabba ta kashe mutane kusan 100 a yankin Gévaudan na Faransa, har sarki Louis na 15 ya aika maharba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Peter Stumpp, manomin da aka kashe a Bedburg kusa da Kolon ta Jamus a 1589, bayan an gana masa azaba ya amsa cewa yana da wata ɗamara da take rikiɗar da shi. Daga labarinsa na ɗauki darasin cewa gari ba ya zama da gawa babu mai laifi, dole ya nemo wanda zai ɗora wa, saboda haka a labarinmu wani bawan Allah mai kiwon manyan karnuka ne aka kama kan mutuwar mai gadin, garken kuma ya shafe zama uku yana muhawara kan ko zai bar shi ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Sai kuma tsoho Thiess, ɗan shekara tamanin da wani abu, wanda ya tsaya gaban alƙalai a Livonia, yankin ƙasashen Latvia da Estonia na yau, a 1692 ya ce tabbas shi mai rikiɗa ne, amma masu rikiɗa karnukan Ubangiji ne, sukan gangara jahannama su yi faɗa da matsafa su ƙwato hatsin da aka sace wa manoma. Alƙalan suka rasa yadda za su yi da shi, daga ƙarshe suka sa aka yi masa bulala aka kore shi daga ƙasar. Shekara 300 cif bayan haka aka buga wasan da ya tsaya a kan kusan wannan ra'ayi nasa, na dodon da ya yi imani shi ne mai gadin duniya.

Ba zan ɓoye cewa wasan yana da wuraren da sai an taka a hankali ba. Labari ne na fushin da yake ɓarkewa a cikin gida, kuma ba ka san abin da wanda ke zaune kusa da kai ya gani a rayuwarsa ba, saboda haka kafin a jefa dais ko ɗaya mukan yi zama na musamman mu fayyace abin da ba zai taɓa shiga labarin ba, da abin da zai iya faruwa amma a bayan labule. A teburinmu an amince tun farko cewa ba za a taɓa yaro ba, kuma akwai kati a tsakiya da kowa zai iya taɓawa a wuce wani abu ba tare da an tambaye shi dalili ba. Littafin 1992 kuma yana da nasa aibin. Ya raba masu rikiɗa ƙabila 13, wasu daga ciki ya ɗinka su da guntayen al'adun mutane na gaskiya ba tare da kulawa ba, abin da ya sa fitowar 2023 ta sauya wa wasu suna ta sake musu fasali. Babban kamfanin ɓarna na littafin, Pentex, shi ma muguntarsa ta yi yawa har ta zama abin dariya a wurina, shi ya sa na fi son masana'antar da rabin garin yake ci a cikinta, wadda idan ka ƙona ta, surukin makanike ne zai fara rasa aiki.

A daren da na buɗe wannan rubutu da shi, makaniken ya tsallake titi biyu, a na ukun numfashinsa ya sauya, a jikin shingen waya kuma abin ya ƙwace masa. A nan na tsayar da labarin na ce kowa ya je ya sha ruwa, da muka dawo kuma na tsallake daren gaba ɗaya na kai shi asuba. Ya farka a bakin kogi ba sutura, sanyi yana ratsa shi, ƙarƙashin faratansa da tsakanin haƙoransa akwai jini, ɗan wasan kuma ya tambaye ni na wane ne, na ce masa makanikenka bai sani ba, kai ma ba za ka sani ba sai ka bi sawu. Sauran 'yan garken suka same shi, ɗaya ya cire rigarsa ya ba shi, suka koma da baya suna bin warinsa taki ɗaya bayan ɗaya, kowa a teburin yana ɗar-ɗar duk lokacin da sawun ya karkata wajen gidaje. Jinin na wani karen maƙwabta ne da ya yi ƙarfin halin tare shi a bakin shinge. Surukin, wanda ya biyo shi da gudu don ya ƙarasa faɗar maganarsa, an same shi zaune a gefen titi yana rantsuwa cewa wata babbar mota ce ta kusa bi ta kansa. Ƙanwar kuwa jininsu ɗaya da makaniken, kuma a ƙa'idar tsohon tsarin wasan dangin masu rikiɗa ba sa mantuwar nan da take rufa wa sauran mutane asiri, ga shi kuma tagar ɗakinta ta sama tana kallon shingen. Da rana ta zo garejin ita kaɗai, ta ajiye masa makullansa da yagaggen takalminsa a kan teburin aiki, na ara mata bakina na ce, "Yaya, tun yaushe?" Ɗan wasan ya ɗauki dais guda yana juya shi a hannu, ya ajiye, ya sake ɗauka, can ya dubi agogo ya ce in yi masa arziki in bar amsar sai mako mai zuwa.